Baƙon Kiɗa a Zauren Tarihi

Kaduna gari ne da bai gaji tambari ba. Sa'ad da Turawa suka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru suka dawo da ita nan a 1917, ba su tarar da fada mai dogon asali ba, balle Sarkin Makaɗa wanda ya karɓi taushi daga hannun ubansa, uban kuma daga hannun kakansa, kamar yadda al'amarin yake a Zazzau ko Katsina ko Sakkwato. Abin da suka tarar shi ne kogi, da ƙauyukan Gbagyi, da titin jirgin ƙasa wanda bai daɗe da isowa ba. In haka ne halin garin baki ɗaya, to, ƙetaren kudu ya fi kowane sashe cancantar wannan siffa, domin unguwanninsa, wato Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa da Talbijin da Sabon Tasha, neman abinci ne ya tara mutanensu, tun daga ma'aikatan reluwe har zuwa dubban da suka kwararo bayan an buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, wadda gwamnatin Jihar Arewa ta kafa tare da kamfanin David Whitehead na Ingila, sa'an nan sauran masaƙu irin su UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960, kana kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya zo a 1975. Bahaushe da Bajju da Atyap da Tibi da Idoma da Bayarabe da Ibo duk sun zauna a layi ɗaya, suna ɗiban ruwa a famfo ɗaya, kowa da kiɗan garinsu a ƙirjinsa, kuma kiɗan kowa baƙo ne a kunnen maƙwabcinsa.

Na kawo wannan shimfiɗa ne saboda wata mas'ala da masu wasan kwaikwayo da malaman makaranta suka daɗe suna jayayya a kanta, ita ce: shin ya halatta a ɗauki labarin magabata, wanda ya cancanci girmamawa da natsuwa, a ɗora shi bisa kiɗan da magabatan nan ba su taɓa ji ba, domin kawai a jawo hankalin 'yan kallo? Mu da muka tashi a wannan ƙetare mun ga an yi hakan sau da dama tun kafin a fara muhawarar, saboda haka watakila akwai abin da shaidarmu za ta ƙara.

A ƙasar Hausa ta dā, tarihi yana isa kunnen talaka ta hanya biyu. Ta farko ita ce bakin makaɗan fada, irin su Ibrahim Narambaɗa a wurin Sarkin Gobir na Isa, da Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi, da Musa Ɗanƙwairo na Maradun, waɗanda in suka tashi yabon ubangidansu sai sun jero kakanninsa, da garuruwan da suka ci, da abokan gāban da suka tanƙwara, har wanda bai taɓa buɗe littafi ba ya haddace salsalar gidan sarauta ba tare da ya san ya yi karatu ba. Ta biyu ita ce alƙalamin malamai, kamar Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta tsara labarin hijira da jihadi a waƙe, aka san shi da Hausa da sunan Waƙar Gewaye, ko Alhaji Umaru na Salga wanda ya waƙe zuwan Nasara ƙasar Hausa. Abin da akan manta shi ne, ma'aunin da malaman nan suka auna baitocinsu da shi, wato aruli da ƙafiya, daga Larabawa aka aro shi, kuma babu shakka ranar da aka fara rera Hausa bisa karin ƙasidar Larabci, akwai tsohon da ya ji abin bambaraƙwai. Malaman jihadi sun tsananta a kan kiɗan lahawu, wannan sananne ne, amma ba su jahilci ƙarfin murya mai daɗi wajen dasa ilmi a zuciya ba. Kuma tun kafin su, Imamu Gazali ya keɓe babi guda a cikin Ihya'u domin hukuncin sama'i, inda ya rataya al'amarin a kan halin mai saurare da abin da sauraron ke motsawa a cikinsa.

Wasan kwaikwayo irin na dandamali da labule kuwa makarantar boko da rediyo ne suka kawo mana shi. A Kaduna aka ji wasannin Shu'aibu Maƙarfi ta rediyo kafin a buga su littafi, kuma bayan an kafa gidan rediyo da talbijin na Arewa a 1962, garin ya zama matattarar gwanaye irin su Ƙasimu Yero da Usman Baba Pategi, wanda duniya ta fi sani da Samanja Mazan Fama. Wasan tarihi mafi girma na wancan zamani shi ne Shaihu Umar, littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar wasan dandamali, Adamu Halilu kuma ya mayar da shi fim a 1976, gab da bikin FESTAC na 1977 wanda aka yi babban hawansa na daba a nan Kaduna. A lokacin wata ƙa'ida ta kafu wadda ba wanda ya rubuta ta amma kowa yana bi: in labari na dā ne, kiɗansa algaita ne da kakaki da tambari, in an sassauta a sa goge ko gurmi. Ƙa'idar tana da hujja mai ƙarfi, kuma ba na raina ta, domin kakaki yana faɗa wa kunne a busa ɗaya abin da mai ba da labari zai ɓata lokaci yana bayani. Sai dai na tuna yadda muke cika tsakar gidan maƙwabcin da ke da akwatin talbijin, yara kamar ashirin a kan tabarma ɗaya, da zarar aka busa kakaki sarki ya fito da rawani, sai ka ga rabinmu sun zame waje, domin mun riga mun fahimci cewa dogon jawabi ne zai biyo baya. Amma in Samanja ne ya fito da Hausarsa ta bariki, ko kiran uwa ba ya tayar da mu. Girmamawa muke yi wa wasan tarihi, irin wadda ake yi wa dattijo mai yawan magana, a gaishe shi da ladabi sa'an nan a nemi hanyar wucewa.

Wanda ya fara nuna wa mutanen Kaduna cewa Hausa tana iya hawa kowane irin kiɗa ba tare da ta zubar da mutuncinta ba shi ne Bala Miller, wanda ya kafa ƙungiyarsa ta Pirameeds a shekarun 1970, ya tara masu busa ƙahon Turawa da masu jita, ya rera Ikon Allah da kalmomin da liman zai iya faɗa a kan mumbari. Amma baƙon da ya fi kowane shiga jini shi ne kiɗan Indiya. Gidajen silima sun shafe shekaru suna ɗura shi a kunnuwan samari, har makaɗan gargajiya irin su Abdu Yaron Goge suka ɗauki karin waƙoƙin finafinan suka mayar bisa gogensu, kuma daga baya a Kano aka sami masu bege da suka kira kansu Ushshaƙu Indiya, suna ɗaukar karin da aka san shi a silima su zuba masa yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Na san yara a Kakuri waɗanda malamin Islamiyya ya gaji da maimaita musu sunayen yaƙoƙin Badar da Uhudu da Handaƙu, da jerin matan Annabi da 'ya'yansa, ba su riƙe ba, amma da kaset ɗin bege ya shigo unguwa sai ga su suna jero su a kan hanyar ɗiban ruwa ba tuntuɓe. Haka kuma da fim ɗin Sangaya ya fito daga Kano wajen 1999, labarin ɗan sarki da yarinyar da ke aikatau a gidan sarauta, mutane sun ga rawani da dogarai da soron fada, amma kiɗan fiyano ne ya fito daga ciki, kuma wannan fiyanon ne ya sa 'yan mata da samari da ba su taɓa damuwa da gidan sarauta ba suka zauna suka kalli al'adunsa har ƙarshe.

A ɓangaren maƙwabtanmu Kirista ma abin ya faru, sai dai ta ɗaya fuskar. Su labarin ne baƙo, kiɗan kuwa na gida. Matan Zumunta sun ɗauki tulun ƙasa da caki da ganga suka shigar da su coci, inda a dā sai littafin waƙoƙi da karin Turawan mishan. Kuma lokacin Kirsimati, in matasa suka yi wasan haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, sai ka ga Sarki Hirudus ya fito da babbar riga da dogarai, mai kalangu yana binsa yana zuga shi kamar wani hakimi. Harabar coci takan cika har kan katanga, kuma a cikin masu leƙen akwai 'ya'yan Musulmi da yawa, ni ma ina cikinsu. Labarin da ya auku a Falasɗinu shekara dubu biyu da suka shige ya zama kamar a bayan kasuwar Kakuri aka yi shi, kuma kalangun nan ne ya yi wannan aiki.

Abin da ya biyo baya ba ya bukatar dogon bayani ga wanda ya zauna a garin. Rikicin addini na Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 sun raba Kaduna biyu, Musulmi da yawa suka ƙaura arewa da kogi, Kirista suka dawo kudu. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007, bayan wahalar wutar lantarki da tsadar baƙin mai da atamfofin fasa-ƙwauri sun karya kasuwar. Kuma kamar wannan bai isa ba, wajen 2009 aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a Nijeriya, bai dawo da cikakken matsayinsa ba sai da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da mayar da shi a 2022. Saboda haka aka sami tsara guda cur da ta tashi tana wucewa ta ƙofar Kwalejin Sarauniya Amina a Kakuri kullum, alhali da yawansu ba za su iya gaya maka ko wace ce Aminar ba, balle su san cewa Turunku, inda ake danganta asalin gidan su Aminar, tana nan cikin jiharsu.

Wannan tsara ce ta rungumi gambarar zamani, wadda ta taso daga unguwannin baƙar fata na birnin New York a shekarun 1970, ta zagayo duniya har ta koyi Hausa, kuma Kaduna ta zama ɗaya daga cikin manyan gidajenta, da mawaƙa irin su DJ AB da abokansa na Yaran North Side. Ban taɓa ɗaukarta da wani muhimmanci ba sai ranar da aka gayyace ni bikin ƙarshen shekara na wata makaranta mai zaman kanta a wajen Barnawa, inda ɗalibai suka shirya wasa a kan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, wanda ya bar Sakkwato bayan Turawa sun ci ta a Maris na 1903, ya nufi gabas da niyyar hijira, jama'a suna ta binsa daga gari zuwa gari, har aka tare shi a Burmi a watan Yuli na shekarar, ya yi shahada tare da ɗaruruwan mabiyansa. Yaran sun sa rawani da alkyabba yadda ya kamata, amma da aka zo majalisar shawara, inda ake jayayya ko a yi hijira, ko a yi yaƙi, ko a zauna a yi sulhu domin a tsare addinin talakawan da ba za su iya tafiya ba, sai aka saki kiɗa daga na'ura, yara biyu suka fuskanci juna suna jifan juna da hujjoji cikin baitoci masu sauri, kowanne da ƙafiyarsa. Dattijon da ke kusa da ni ya gyara zama ya ce, "Malam, yanzu Sarkin Musulmin ake yi wa wannan?" Ban amsa masa ba, domin idona yana kan ɗaliban da ke baya, waɗanda tun da aka fara biki suke latsa waya, yanzu kuwa sun miƙe tsaye, rabi suna goyon bayan mai hijira, rabi suna bayan mai sulhu. Da aka tashi, wata yarinya, wadda daga sunanta na gane 'yar Kudancin Kaduna ce kuma Kirista, ta tare ni ta ce, "Baba, wai ina ne Burmin nan, kuma waɗanda ba a kashe ba ina suka tafi?" Na gaya mata tana cikin jihar Gombe ta yau, kuma ɗan Sarkin, wanda ake kira Mai Wurno, ya ci gaba da tafiya da sauran jama'a har Sudan, inda garin da suka kafa a bakin kogin Nilu yake ɗauke da sunansa har yanzu. Ta rubuta a bayan takardar shirin biki.

Daga baya na fahimci cewa malamin da ya shirya wasan ya ɗauki dabarar ne daga Hamilton, wasan da Lin-Manuel Miranda ya fitar a New York a 2015, a kan Alexander Hamilton, sakataren baitulmalin Amurka na farko, wanda mataimakin shugaban ƙasa Aaron Burr ya harbe a fito-na-fito a 1804. Mutum ne da Amurkawa da yawa ba su san komai game da shi ba illa hotonsa a takardar dala 10, amma da aka ba da labarinsa da gambara, aka kuma sa baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka suka fito a matsayin fararen da suka kafa ƙasar, sai wasan ya ci lambar Tony 11 da lambar Pulitzer a 2016, littafin Ron Chernow na 2004 da aka ciro labarin daga ciki ya koma kasuwa da ƙarfi, kuma a shekarar ce baitulmalin ya janye niyyarsa ta sauya matsayin hoton Hamilton a kan kuɗin.

Dalilin da ya sa abin ke aiki, a ganina, ba ɓoyayye ba ne. Sabo hijabi ne. Kunnen da ya riga ya san abin da zai ji ba ya saurare, amma in aka zo masa da abin da bai zata ba, ko da fushi ne ya fara yi, to ya farka, kuma farkakken mai fushi ya fi mai gyangyaɗi kusa da fahimta. Bayan haka gambara tana da wata falala ta musamman ga tarihi, ita ce yalwar kalmomi: abin da mai taushi zai yi minti goma yana kewayawa da amshi, mai gambara zai zuba shi a minti ɗaya, da sunaye da shekaru da hujja da raddi, kuma muhawara, wadda ita ce ruhin tarihi, ta fi zama daram a cikinta fiye da cikin waƙar yabo, inda ba a ba abokin hamayya baki sai dai a yi masa zambo.

Amma dattijon nan da ya gyara zama ba wawa ba ne, haka ma malaman da suka ƙyamaci ɗora yabon Manzo bisa karin da asalinsa na soyayyar silima ne. Kari kamar tukunyar ƙasa yake, ba ya rabuwa da ƙanshin abin da aka fara dafawa a cikinsa. Kiɗan Indiya yana jan kowane labari zuwa ga soyayya, shi ya sa finafinanmu na sarauta suka cika da ɗan sarki da budurwa, aka rasa alƙali da ma'aji da mai karɓar haraji; gambara kuma tana jan labari zuwa ga alfahari da cika baki, har yaron da ya fito a matsayin Attahiru, bawan Allah da ya bar gadon mulki domin tsoron Ubangijinsa, ya riƙa bugun ƙirji kamar ɗan dambe, wazirin da ya zaɓi zama kuwa, wato mai sulhun nan, wanda matsayinsa ya fi wuyar ɗauka kuma malamai suka yi rubutu a kansa, ya fito kamar matsoraci kawai. Masana tarihi a Amurka ma sun yi wa Hamilton irin wannan suka, cewa ya sassauta batun bauta domin jarumin ya yi kyau. Mai kallo yana fita da yaƙinin cewa ya san abin da ya faru, alhali ruwaya ɗaya ya ji, ba isnadi, kuma daɗin kiɗan ya hana shi tuhumarta. Duk da haka, in aka ce in zaɓa tsakanin yaron da ya san Attahiru a karkace da wanda bai taɓa jin sunansa ba, na farkon zan ɗauka, domin karkatacce ana iya miƙe shi a aji, kuma takardun da za a miƙe shi da su suna nan ƙetaren gada, a Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa.

Akwai kuma wani abu da ban ji masu muhawarar suna ambata ba, wanda a wurina ya fi duk sauran nauyi. Kiɗan fada yana bukatar ubangida, saboda haka tarihin da ya adana na masu doki da rawani ne, waɗanda za su iya ba da riga da kujerar Makka. Mai saƙa a Kakuri ba shi da makaɗi. Ba wanda ya waƙe yadda auduga ke tasowa daga Funtuwa da Gusau ta zama atamfa a bakin kogin nan, ko yadda aka kafa ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa a 1978 da hedikwatarta a Kaduna, ko yadda Adams Oshiomhole ya taso daga Arewa Textiles ya zama babban sakatarenta a 1982, kafin shugabancin ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa da kujerar gwamnan Edo. Ba kuma wanda ya waƙe tsofaffin ma'aikatan da suka koma acaba da gadi, wasunsu suka rasu suna jiran haƙƙinsu. Kakaki ba zai iya ɗaukar wannan labari ba, domin ba a busa shi sai ga mai sarauta, bandiri na zawiyya ne, tulun Zumunta na coci ne, kuma tun daga 2000 kowane ɗayan waɗannan, in aka kaɗa shi a dandali, rabin garin zai ji cewa ba da shi ake ba. Gambarar zamani kaɗai ce, duk da rashin kunyarta da nake ƙi, na ga yaron Tudun Wada da yaron Sabon Tasha suna ɗauka tasu ce su duka, suna haɗuwa a ɗakin ɗaukar murya ɗaya, suna cakuɗa Hausa da Turancin bariki yadda iyayensu suka yi a ƙofar masaƙa. In har za a taɓa yin wasan da zai faɗi abin da ya faru a garin nan a Fabrairun 2000, a gaban 'yan kallo daga ƙetare biyu, ba tare da an tashi da jifa ba, ina zaton da wannan kiɗan za a yi shi, kuma ya kamata marubucinsa ya fara zama da tsofaffin Kakuri da Nasarawa tun yanzu, domin mafi yawan waɗanda suka shiga masaƙa a shekarun 1960 sun haura saba'in.